Kwalba Mai Shuɗin Murfi

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa, wasu shekaru sun goge su, wasu sai an tuna mini. Amma wannan da zan ba ku labari, ina jin da shi za a sa ni a likkafani. Ba zan taɓa mantawa da shekarar da na kashe wa gwaggona kajinta goma sha biyu da hannuna ba, ina yi ina murmushi, a zatona alfarma nake yi mata. Har yau idan na tuna sai na ji ƙirjina ya ɗau zafi, kuma ba da kaina kaɗai nake jin haushin ba.

Ni ban taka ƙofar makaranta ba sai da na haifi 'ya'ya biyar. Bayan an ba mu jiharmu ne aka buɗe ajin yaƙi da jahilci na mata a ƙauyenmu, nan kusa da Aujara. Mu ashirin da wani abu muka fara, mu huɗu muka ƙare, kuma a cikin huɗun ni ce na fi naci. Na iya karanta wasiƙa, na iya rubuta lamba har ɗari ba tare da na juya bakwai ta kalli baya ba. Ba zan ɓoye muku ba, kaina ya ɗan kumbura.

A wajenmu kaza dukiyar mace ce. Namiji yana da gona da shanu, mace tana da kajinta, ba mai tambayarta abin da ta yi da su. Sai dai kusan duk shekara da sanyi ya shigo, ciwo yakan biyo shi. Likitoci suna da sunan da suke kiransa, mu dai mura muke cewa. Kaza ta kwana lafiya, da safe ki same ta a takure a gindin rumbu, fuka-fukai a zube, tana numfashi da baki, hanci duk majina. Kwana uku gida ya yi tsit, ko carar zakara babu. Mu zuba barkono a ruwansu, mu jiƙa sassaƙen maɗaci, wadda Allah ya yi wa sauran kwana ta tashi.

A shekarun nan da aka ƙaddamar da shari'a, wata rana bayan an gama girbi, mai unguwa ya aiko a kira ni. Na same shi a zaure da wani baƙo, mutum siriri mai gilashi, da wata kula mai ƙanƙara a gabansa. Likitan dabbobi ne daga wata jami'a, ya ce suna haɗa rigakafin murar kaji, suna so su gwada shi a ƙauye. Matsalarsa ɗaya, kaji suna cikin gidaje, shi kuwa namiji ba ya shiga. Yana neman mace mai karatu.

Mai unguwa ya ce, "Ga ta nan, Likita. Karatu akwai. Sai dai bakin ma akwai."

Likitan ya yi dariya ya ce, "Malama, sannu da zuwa."

Malama! Tunda uwata ta haife ni ba wanda ya taɓa kirana haka. Ina jin a wannan kalmar aka gama da ni.

Ya buɗe kular ya nuna mini ƙananan kwalabe kamar ɗan yatsa, wasu masu jan murfi, wasu masu shuɗi. Aikin ba wuya. Duk gidan da na shiga na raba kajin gida biyu, rabi na ɗiga musu ɗigo ɗaya a ido daga jar kwalba na ɗaura musu jan zare a ƙafa, rabi daga shuɗiya na ɗaura shuɗin zare. Na rubuta a littafi. Idan wata ta mutu daga baya, a yanko zaren a ajiye masa. Zai riƙa aiko mini da sababbin kwalabe cikin ƙanƙara har na gama zagaye garin.

Na ce, "Likita, mene ne bambancin jar da shuɗiyar?"

Ya ce, "Duk rigakafi ne, Malama. Ke dai ki bi ƙa'ida."

Ban sake tambaya ba. Wannan ita ce wautata ta farko.

Ku tuna lokacin da ake ciki. Ana ta raɗe-raɗi a kan rigakafin yara, ana cewa da wata manufa a ciki. Na shiga gidan farko da kwalba a hannu, matan gidan suka kalle ni kamar na shigo da maciji. Wata maƙwabciyata, wadda bakinta bai fi nawa sanyi ba, ta riƙe ƙugu ta ce, "To 'yar boko, yau kaza gobe mu ke nan? Idan kazata ta daina ƙwai, ke za ki riƙa saka mini?"

Na ce, "In ta daina ki zo ki kwashe nawa."

"Rantse magani ne."

A lokacin kuwa kullum wa'azi ake a kan nauyin rantsuwa, mutane sun shiga taitayinsu. Amma ni na ɗaga kwalbar sama na ce, "Wallahi tallahi rigakafi ne, duka biyun." Haka na bi gari gida-gida, ina rantsuwa ina ɗiga. Matan nan ba likita suka yarda da shi ba, ba su ma taɓa ganinsa ba. Ni suka yarda da ni, saboda sun san ban iya ƙarya ba.

Kwana biyu da farawa ƙorafi ya fara zuwa. Kajin da suka sami jar kwalba suna atishawa, ido yana ruwa, sun yi sukuku ba sa rububin tsaba. Masu shuɗin zare kuwa ras, suna tono kamar ba a taɓa su ba. Bayan kwana biyu ko uku masu jan zaren suka warware, amma ni na riga na yanke hukunci a raina. Na ce lallai jar nan mai kaifi ce, tana wahalar da kaza, shuɗiyar ce mai kyau, mai sauƙi, irin ta manya. Da wa zan yi shawara? Likita yana Dutse, ni kuma Malama ce.

Gidan Gwaggo ne na ƙarshe, don yana bakin gari. Yayar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun ina shekara huɗu da mahaifiyata ta rasu. Ta haihu sau shida, babu wanda ya rayu. Mijinta ya daɗe da mutuwa, tana zaune a ɗaki ɗaya a gidan ɗan mijin, kuma ba ta taɓa miƙa hannu ta ce a ba ta ba. Kajinta ne sabulunta, su ne gishirinta da goronta. Shekara uku tana tattalinsu har suka kai sha biyu, ba ta yanka ba, ba ta cin ƙwansu. Burinta kowa ya san shi. Idan babbar salla ta matso za ta sa a kai su kasuwar Kafin Hausa a sayo mata tunkiya, ta yi layya da abin hannunta ko sau ɗaya kafin ta koma ga Allah.

Na same ta tana watsa musu dusa tana yi musu faɗa kamar jikoki. Akwai wata fingi, mai gashin nan a murɗe, ita ce 'yar gaban goshinta.

Ta ce, "Ke 'yar nan, na ji an ce abin naku yana sa su atishawa. Ni fa ba na son abin da zai taɓa mini su."

Na sunkuya na rage murya na ce, "Gwaggo, kwantar da hankalinki. Ina da mai kyau. Naki ba za su yi atishawa ba."

Na mayar da jar kwalba cikin kula. Duka sha biyun na ɗiga musu shuɗiya. Don kada Likita ya gane na karya ƙa'ida, shida na ɗaura musu shuɗin zare, shida na ɗaura musu ja, na rubuta a littafi rabi da rabi. Gwaggo ta yi ta sa mini albarka, har da cewa karatuna ya yi rana. Na fito ina jin kaina kamar na biya ta wani abu daga cikin riƙon da ta yi mini.

Sanyi ya shigo, ciwon ya biyo shi kamar yadda ya saba. An ce wani ne ya sayo zakara a kasuwa ya kawo mana shi. Cikin mako guda ya zagaye gari. Mata suka riƙa aiko mini da zare, ina jefawa a wani gwangwanin madara. Amma abin mamaki, bana gidaje ba su yi tsit ba. Ko'ina da asuba akwai cara. Maƙwabciyar nan tawa mai baki ta leƙo ta katanga ta ce, "'Yar boko, rabi sun tafi rabi suna nan. Rabin rantsuwarki ce ta kama, ko yaya?" Muka yi dariya, ban san gaskiya ta faɗa ba.

Gida ɗaya ne ya yi tsit. Na shiga wajen Gwaggo da hantsi na same ta a zaune a kan turmi, fingin nan a cinyarta, wuya ya langaɓe. Ita ce ta ƙarshe. Ba ta yi kuka ba. Ta kwance zaren da hannunta ta haɗa da sauran goma sha ɗaya ta miƙo mini, ta ce, "Ga na Likita. Allah bai nufa ba."

Da na koma gida na shimfiɗa tabarma na zazzage gwangwanin, don na ƙirga na rubuta. Sai na tsaya. Tabarmar nan ta yi shuɗi. Na baza zaren da yatsa ina neman ja. Na sami biyu daga wasu gidaje, sai shida da na sani, na gidan Gwaggo. Kuma duk duniya ni kaɗai na san shidan nan ba ja ba ne, zaren ne kawai ja. Na zauna ina kallon tabarma har aka kira azahar. Ba sai an kai mutum jami'a ba kafin ya gane abin da ke gabana. Jar kwalba ce magani. Shuɗiyar ba ta tsare komai ba.

Washegari na ce wa maigida zan je Dutse. Ya dubi fuskata ya ce, "Don Allah kada dai ki daki ɗan mutane." Na ƙulle zaren a bakin zani, na ɗauki littafi, na hau bas. Na san Likita ya kama wani gida a unguwar Takur inda suke ajiye firjinsu. Na yi ta tambaya har aka nuna mini. Na same shi a kan tebur yana shan shayi da burodi.

"A'a, Malama! Ke ce da kanki?"

Ban amsa gaisuwar ba, Allah ya yafe mini. Na kwance bakin zani na zube masa zaren a kan tebur, kusa da kofin shayinsa. Ya dube su, sai na ga fuskarsa ta washe. Murna yake! Ya ce, "Alhamdulillahi! Kin ga? Ya yi aiki!"

Na ce, "Me ke cikin shuɗiyar kwalba?"

Ya cire gilashi ya goge. Ya ce, "Ruwa ne. Tsabtataccen ruwa, ba ya cutarwa."

"Ruwa."

"Zauna na yi miki bayani, Malama."

"Kada ka sake ce mini Malama. A tsaye zan ji."

Ya yi bayanin, kuma don Allah ba zan zalunce shi ba, bayani ne mai kyau. Ya ce abin da ke cikin jar kwalba ciwon ne da kansa, da ransa, amma sun yi shekaru suna raunana shi har ya zama ba ya iya kisa. Kamar a karya wa ɓarawo ƙafa a zagaya da shi cikin gida don karnuka su san warinsa, ran da lafiyayyen ɓarawo ya haura katanga sai su yi masa caa. Atishawar nan da na gani, jikin kazar ne yake koyon faɗa. Shuɗiyar kuwa don a kwatanta ne, domin wata shekarar ciwon ba ya zuwa da ƙarfi, idan aka ɗiga wa duka ba wanda zai san maganin ne ya yi aiki ko sa'a ce. Shi ya sa ya ce rabi da rabi, don kada wani gida ya rasa duka. Har ya ƙara da cewa irin wannan hanyar ce ake fatan a bi a yi na murar mutane, a ɗiga a hanci ba sai an yi allura ba.

Na ce, "Wannan bayanin da ka yi, shayinka ko hucewa bai yi ba ka gama. Me ya hana ka yi mini shi a zauren mai unguwa?"

Ya ce, "Ƙa'idar aikin ce. Idan mai ɗigawa ta san wanne ne wanne, za ta yi son kai, ta ba 'yan'uwanta mai kyau."

Wallahi sai da na yi dariya, irin dariyar da ta fi kuka ciwo. Na tsinto jajayen zaren nan shida na ajiye su gefe. Na gaya masa na gidan wa ne, na gaya masa abin da na yi, ban rage komai ba. Ya dafe kai da hannu biyu. Ya ce da ban faɗa ba, da ya rubuta cewa kaji shida masu rigakafi sun mutu a gida ɗaya, kuma wannan kaɗai yana iya sa a yi shakkar maganin. Muryarsa ta hau, ya ce, "Kin san abin da kika kusa ɓatawa? Aikin shekara nawa?"

Na ce, "Kai ka san abin da ka ɓata? Na yi laifi, na karya maka ƙa'ida, na yi ƙarya a littafi, zan amsa wannan a gaban Allah. Amma da ka ce mini ba za ka iya gaya mini bambancinsu ba, da na san da magana. Da ka ce ɗaya magani ce ɗaya ruwa ce amma ba za a nuna mini wacce ba, da na gaya wa matan haka, mai so ta bayar mai ƙi ta hana. Sai ka dubi idona ka ce duk rigakafi ne. Na ɗauki ƙaryarka na ɗora mata sunan Allah, na shiga da ita gida arba'in. Ran da kuka zo kan 'ya'yanmu da na hancin, su ma haka za ku yi?"

Ya ce, "Haba, a'a. Na mutane ba a yi sai an yi musu bayani sun amince."

"Su kajin daga sama suka faɗo? Ba su da masu su? Ko kazar ce ka tambaya ta amince?"

Sai ya jawo aljihun tebur ya fito da ambulan da kuɗi a ciki, ya ce na kai wa tsohuwar, a bar maganar a nan. Na ture masa abinsa. Na ce ba wannan ya kawo ni ba, rantsuwata na zo karɓa. Ko ya zo ya tsaya a gaban matan nan ya faɗa da bakinsa cewa shi ya ce mini duk rigakafi ne, ko kuwa mu haɗu a gaban alƙali, ni ba na jin kunyar kotu. Gaskiya ban san ko alƙali zai saurari ƙarar kaji ba. Shi ma bai sani ba, shi ya sa ya zo.

Ranar Asabar aka tara mata a ajinmu na yaƙi da jahilci, shi yana tsaye daga bakin ƙofa, mai unguwa a gefensa. Ya maimaita bayanin ɓarawo da karnuka, ya faɗi abin da ke cikin shuɗiyar kwalba, ya ce laifinsa ne ba nawa ba. Aji ya kaure. Maƙwabciyata ta ce, "Ashe ruwa muka yi ta kokawa da kaji a kansa! Ai da ka faɗa, Likita, da na ɗebo maka a randa kyauta."

Gwaggo ce ta ɗaga hannu aka yi shiru. Ta ce, "Ɗan nan, mu fa ba baƙin asara ba ne. Duk shekara ciwon nan yana kwashe mana duka. Da ka ce mu ba ka rabi ka gwada don a sami na gobe, da hannunmu za mu kamo maka su. Me ka gani a fuskarmu da ka ɗauka ba za mu gane ba?"

Ni ma a nan na tashi na faɗi nawa. Na ce Gwaggo, da na bi ƙa'ida da yanzu kina da shida. Ni na hana ki jar kwalba, don ina ganin gata nake yi miki.

Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Wa ya aike ki? Na ce miki abin da sauran mata suka ɗauka ni ba zan iya ɗauka ba?" Iyakar abin da ta faɗa ke nan, ba ta sake tayar da maganar ba har abada. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Likitan ya dawo bayan sati biyu da jar kwalba kaɗai, aka ɗiga wa duk kazar da ta rage a garin. Ya kawo wa Gwaggo 'yan sagaru huɗu, na ƙara mata biyu daga nawa. Ta karɓa ta sake farawa daga farko, tana watsa dusa tana yi musu faɗa. Sallar shekarar ta wuce ba ta yi layya ba. Kafin ta gaba ta zagayo, da kaji tara a tsakar gida, Allah ya karɓi abarsa.

Na tambayi malamin unguwarmu ko akwai kaffara a kaina. Ya ce wanda ya rantse a kan abin da ya ɗauka gaskiya ne ba shi da laifi. Na gode masa, amma hakan bai sanyaya mini rai ba. Ba maganin nake jin haushi ba, magani ne na gaske, har yau duk shekara ni nake fara kamo kajina a ɗiga musu, kuma na kai jikokina rigakafi da ƙafata. Abin da yake ƙona ni shi ne mai ilimi ya ɓoye maka abin da zai iya faɗa cikin minti biyar, sannan in ka yi kuskure a cikin duhun da ya bar ka, ya ce jahilcinka ne.

Abin da na koya kuwa, karatu ba iya rubuta abin da aka ce ka rubuta ba ne. Tun daga shekarar nan duk wanda ya miƙo mini abu ya ce na kai wa jama'a, sai ya gaya mini abin da ke ciki, ko da sau goma zai ce mini Malama. In ya ce ba a faɗa, na ce to ni ma ba a aikena. Kuma ban sake fifita nawa a ɓoye ba, domin na ga inda gatan da na yi wa Gwaggo ya kai ta.